Salsalar Gidan Boone, Turawa 'Yan Kama-Wuri-Zauna na Bakin Dajin Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin masu bin diddigin gidan Boone, ko dai waɗanda suka taso suna jin cewa jininsu ya haɗu da na Daniel Boone, ko kuma ɗaliban tarihi masu son ganin yadda ake tabbatar da nasabar mutanen da suka yi zaman bakin iyaka tun zamanin da Ingila ke mulkin gabashin Amurka. An sa wa tambayoyin lamba domin wata amsar tana dogara ne a kan wata.

1. Su wane ne gidan Boone, kuma me ya sa ake yawan neman salsalarsu?

Gida ne na Turawan Ingila da suka ƙetara teku a farkon ƙarni na 18, suka zauna a Pensilvaniya, daga nan kuma kusan kowane tsatso nasu ya riƙa tashi yana ƙara nausawa cikin ƙasa, daga Karolina ta Arewa zuwa Kentaki, zuwa Misuri, har jikokinsu suka kai Oregon a gaɓar tekun yamma. Wanda ya fito da sunan gidan shi ne Daniel Boone, maharbi kuma safiyo, wanda a 1775 ya jagoranci masu sarar hanya ta ratsa mashigin Cumberland zuwa Kentaki, inda aka kafa sansanin Boonesborough. Littafin da John Filson ya wallafa a 1784 ne ya baza labarinsa har Turai tun yana raye. Tun daga lokacin mutane ke son jingina kansu da shi, kuma wannan kwaɗayi shi ne ya cika bishiyoyin nasaba na intanet da kurakurai.

2. Daga ina suka fito, kuma yaushe suka iso Amurka?

Asalinsu yankin Devon ne a kudu maso yammacin Ingila. Kakan Daniel, wanda masu bincike ke kira George Boone na Uku, an haife shi a 1666 kusa da birnin Exeter, masaƙi ne, ya zauna a garin Bradninch tare da matarsa Mary Maugridge, kuma sun shiga ɗariƙar Kiristoci ta Kweka, wadda a lokacin mabiyanta ba su da cikakken sakewa a Ingila. Bai kwashi iyalinsa gaba ɗaya ba sai da ya fara tura manyan 'ya'yansa uku, George da Sarah da Squire, su je su gano masa Pensilvaniya, ƙasar da ɗan Kweka William Penn ya kafa. Squire, mahaifin Daniel, ya isa a 1713, sauran gidan kuma suka tashi daga Bristol suka sauka Filadelfiya a 1717.

Bayan ɗan zama a Abington da Gwynedd, suka tare a kwarin Oley, a yankin da daga baya aka raɗa wa suna Exeter, sunan birnin da suka baro. George na Uku ya rasu a can a 1744. Game da maganar cewa gidan ya samo asali ne daga wasu manyan fadawan Ingila masu asali da Normandi, a duba amsa ta 12.

3. Su wane ne iyayen Daniel Boone da 'yan'uwansa?

Squire Boone, wanda aka haifa a 1696, ya auri Sarah Morgan, 'yar wani gidan Kweka mai asali da Wales, a 1720 a wurin ibadarsu na Gwynedd. Saƙa da ƙira ne sana'arsa, kuma a 1730 ya sayi fili mai eka 250 a Oley. Sun haifi 'ya'ya 11: Sarah, Israel, Samuel, Jonathan, Elizabeth, Daniel, Mary, George, Edward, Squire ƙarami da kuma auta Hannah, wadda aka haifa a 1746. Daniel shi ne na shida. Ya kamata mai bincike ya haddace wannan jeri, domin akasarin waɗanda ke da haƙiƙanin alaƙa da gidan ta wajen waɗannan 'yan'uwa suka fito, ba ta wajen Daniel kansa ba, kamar yadda aka yi bayani a amsa ta 7.

4. Me ya raba su da Pensilvaniya?

Abu biyu ne suka haɗu, aure da ƙasa. 'Yan Kweka ba sa yarda ɗansu ya yi aure a wajen ɗariƙa. A 1742 babbar 'yar gidan, Sarah, ta auri John Wilcoxson, wanda ba ɗan ɗariƙa ba ne, kuma tana da juna biyu a lokacin ɗaurin auren, sai majalisar ibada ta tilasta wa iyayen su nemi gafara a gaban jama'a, suka kuwa nema. Da babban ɗansu namiji, Israel, ya maimaita irin wannan aure a 1747, Squire ya ƙi ba da haƙuri, aka kore shi daga ɗariƙar a 1748, ita kuwa matarsa ta ci gaba da zama a ciki.

A 1750 ya sayar da gonarsa, suka bi babbar hanyar keken shanu da ke gangarawa kudu ta kwarin Shenandoah a Bajiniya, suka ɗan yada zango a can, sannan suka zarce bakin kogin Yadkin a Karolina ta Arewa, inda ƙasa ke da araha sosai. Ba daidai ba ne a ɗora ƙaurar a kan fushi kaɗai, domin dubban iyalai da ba su yi rigima da kowa ba sun bi wannan hanya a shekarun, kuma mutum mai 'ya'ya maza bakwai dole ya nemi inda kowannensu zai sami gona. Squire ya rasu a 1765, matarsa a 1777, kuma kabarinsu yana maƙabartar Joppa a garin Mocksville.

Ga mai bin salsala, wannan kora tana da tsada. Muddin gidan na cikin ɗariƙa, akwai magatakardan da ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa da ƙaura, har takardar aurensu takan ɗauki sa hannun shaidu masu yawa, wanda ke nuna wa mai bincike dangin ango da na amarya a shafi guda. Da suka fita, wannan rajista ta yanke, sai aka koma laluben su a takardun kotu da na fili.

5. Me ya sa nake ganin ranar haihuwar Daniel iri biyu?

Duka biyun daidai ne. An haife shi ranar 22 ga Oktoba 1734 a tsohon lissafin kalanda, wanda ya yi daidai da 2 ga Nuwamba a sabon lissafi, saboda Birtaniya da ƙasashen da take mulka ba su koma kalandar da ake amfani da ita yanzu ba sai a 1752, shekarar da aka kwana ranar 2 ga Satumba aka wayi gari ranar 14. Kafin wannan canji, sabuwar shekara a hukumance tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, shi ya sa za a ga an rubuta haihuwar da ta faɗo a Janairu ko Fabrairu da shekara biyu a haɗe, misali 1738/9.

Akwai tarko na biyu da ya fi wannan kama mutane. 'Yan Kweka ba sa kiran watanni da sunayensu, lamba suke ba su, kuma kafin 1752 watan farko a wurinsu Maris ne. Saboda haka in an ga "wata na 8" a rajistarsu ta 1734, Oktoba ake nufi, ba Agusta ba. Wanda bai san haka ba zai matsar da kowace haihuwa da wata biyu, wani lokaci ma har ya ƙaga abin kunyar da bai faru ba ta hanyar sa haihuwar ɗan fari ta yi kusa da ranar aure fiye da kima. Hanyar da ta fi aminci ita ce a kwafi kwanan wata yadda yake a takarda, sannan a rubuta fassararsa a gefe.

6. Wace ce matar Daniel, kuma 'ya'ya nawa suka haifa?

Ya auri Rebecca Bryan ranar 14 ga Agusta 1756 a yankin Yadkin. Ita 'yar Joseph Bryan ce, jikar Morgan Bryan, wanda ke cikin manyan masu ƙasa na wannan yanki. Sun haifi goma: James a 1757, Israel a 1759, Susannah a 1760, Jemima a 1762, Levina a 1766, Rebecca a 1768, Daniel Morgan a 1769, Jesse Bryan a 1773, William a 1775, sai Nathan a 1781.

Uku daga cikin mazan ba su bar baya ba. An kashe James a Oktoba 1773 a kwarin Powell, yana ɗan shekara 16, a yunƙurin farko da iyalin suka yi na shiga Kentaki, William ya rasu yana jariri, Israel kuma ya faɗi a yaƙin Blue Licks ranar 19 ga Agusta 1782 a gaban idon mahaifinsa. Matan huɗu duk sun yi aure: Susannah ta auri William Hays, Jemima ta auri Flanders Callaway, Levina ta auri Joseph Scholl, Rebecca kuma Philip Goe. Ban da nasu, Daniel da Rebecca sun riƙe marayun dangi, ciki har da 'ya'yan wansa Israel da ya rasu a 1756, kuma wannan riƙo ya sa wasu masu jera suna suke ƙirga yaran a matsayin 'ya'yan cikinsu.

7. Sunan gidanmu Boone ne. Ke nan ni jikan Daniel ne?

Ba lallai ba, kuma mafi yawan lokuta amsar a'a ce. Daga amsa ta 6 za a ga cewa sunan Boone ya gangaro daga Daniel ta 'ya'ya maza uku ne kacal, wato Daniel Morgan da Jesse da Nathan. Duk mai wannan suna da ba zai iya kai kansa ga ɗaya daga cikin ukun ba, to ba ta wajen uba ya fito daga Daniel ba. Yana iya zama zuriyar ɗaya daga cikin 'yan'uwansa maza, ko ta baffanninsa da suka rage a Pensilvaniya, ko kuma daga wani gida dabam da ba su haɗa komai ba, domin akwai wasu Boone na Ingila da suka zauna a Merilan da Karolina ta Kudu, akwai kuma Jamusawa masu suna Bohn da magatakarda suka mayar Boon ko Boone.

A ɗaya ɓangaren, jikokin Daniel masu yawan gaske ba sa amsa sunansa sam, sunayensu Hays ne da Callaway da Scholl da Goe da abin da ya biyo baya. Suna kaɗai ba ya shigar da mutum gidan, ba ya kuma fitar da shi.

8. Ta yaya zan bambance mutanen da ke da suna iri ɗaya?

Wannan ita ce babbar wahalar gidan. Suna yawan yi wa juna takwara, ta yadda kusan kowane ɗaki akwai George da Squire da Samuel da Sarah, kuma akwai Daniel Boone fiye da ɗaya da suka yi zamani tare a jiha guda. Kalmomin "babba" da "ƙarami" da ake liƙa wa suna a takardun wancan zamani ba sa nufin uba da ɗa dole, sau da yawa magatakarda yana bambance mutum biyu ne masu suna ɗaya a gundumarsa, ko da baffa ne da ɗan ɗan'uwansa, kuma in babban ya mutu sai ƙaramin ya gaji laƙabin. Shi kansa Squire suna ne na yanka a wannan gida, ba muƙami ba, ko da yake a wasu takardu kalmar tana zuwa a matsayin girmamawa ga alƙalin sulhu.

Abin da ke raba takwarori shi ne abin da ke kewaye da su: sunan mata, sunan rafin da gonar mutum take bakinsa, maƙwabtan da suka sa hannu a matsayin shaidu, da kuma ko mutumin yana rubuta sunansa ne ko alama yake yi. Kada a dogara da yadda aka rubuta suna, domin Wilcoxson kaɗai yana zuwa da siga daban-daban, kuma Filson ma ba tare da harafin ƙarshe ya buga sunan Daniel ba.

9. Waɗanne takardu zan nema, kuma a ina suke?

Kada a sa ran takardar haihuwa. Jihohin da gidan ya zauna ba su fara rajistar haihuwa da mutuwa ta bai ɗaya ba sai a ƙarni na 20: Misuri a 1910, Kentaki a 1911, Karolina ta Arewa a 1913. Ƙidayar jama'a ta tarayya ta fara a 1790, amma har zuwa 1840 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran mutanen gida adadi ne kawai, sai a 1850 aka fara jera kowa da sunansa. Takardun ƙidayar 1790 na Bajiniya da Kentaki sun salwanta, ana cike gurbinsu ne da jerin masu biyan haraji. Saboda haka abin dogaro shi ne wasiyya, da lissafin kayan mamaci, da takardun cinikin fili, da takardun lamunin aure, da shari'o'in gado, da bayanan da tsofaffin sojojin yaƙin neman 'yanci suka bayar don neman fansho, da kuma shafukan da iyalai ke rubuta haihuwa a cikin Baibul na gida. Rajistar 'yan Kweka ta yankin Filadelfiya tana ajiye a kwalejojin Swarthmore da Haverford.

Dole kuma a san wace gunduma ce ke da iko da wurin a shekarar da ake nema, domin takarda tana zama ne a kotun da aka rubuta ta, ko da iyaka ta canja daga baya. Inda aka haifi Daniel yana cikin gundumar Berks a yau, amma ba a ƙirƙiro Berks ba sai 1752, don haka takardun da suka gabaci wannan shekara suna Filadelfiya. Gonar Yadkin ta fara a ƙarƙashin Anson, ta koma Rowan a 1753, ta koma Davie a 1836. Kentaki kuwa yanki ne na Bajiniya har zuwa 1792: tana cikin gundumar Fincastle, aka mayar da ita gunduma guda a ƙarshen 1776, aka raba ta uku a 1780. Iyali na iya bayyana a gundumomi uku alhali ba su taɓa gusawa daga gidansu ba.

10. Me ya sa takardun fili suka fi komai amfani a nan?

Saboda fili ne ya kai su can, kuma a kansa suka yi ta ƙarar juna. Dokar ƙasa ta Bajiniya ta 1779 ta ba wanda ya zauna a Kentaki kafin 1778 eka 400, tare da damar sayen ƙarin eka 1,000 kafin kowa. Mallakar tana da matakai: a sami takardar izini, a shigar da bayanin wurin a ofishin safiyo, a auna, sannan a karɓi takardar mallaka. Iyakokin kuwa da itatuwa da duwatsu da rafuka ake kwatanta su, ga shi ba a auna ƙasar gaba ɗaya ba kafin a fara rabo, sai filaye suka riƙa hawa kan juna. Shari'o'in da suka biyo baya sun ɗauki shekaru, kuma a cikinsu ne tsofaffi ke rantsuwa su faɗi shekarar da suka zo, da wanda suka zo tare, da wanda ya auri 'yar wa. Irin wannan shaida takan warware abin da babu wata rajista da ta rubuta.

Daniel kansa bai ji daɗin wannan tsari ba. Ya auna wa mutane filaye masu yawa, ya mallaki dubban eka a takarda, amma ƙararraki da bashin haraji suka cinye su. A 1798 aka ba da sammacin kama shi saboda ƙin halartar kotu, a shekarar da majalisar Kentaki ta sa wa wata gunduma sunansa. A 1799 ya ƙaura da iyalinsa zuwa yankin Femme Osage na Misuri, wanda ke hannun Sifen a lokacin, aka ba shi kimanin eka 850 da muƙamin mai shari'a na yankin. Da Amurka ta sayi yankin Luwiziyana, wanda Misuri ke cikinsa, a 1803 sai aka ƙi amincewa da mallakarsa, har sai da majalisar dokokin tarayya ta tabbatar masa a 1814, ya sayar ya biya tsofaffin basussukan Kentaki. Wanda ke bin reshen Misuri ya sani cewa takardun farko na can da Faransanci da Sifaniyanci aka rubuta su.

11. Me ya sa matan gidan suke ɓacewa a takardu?

A dokar Ingila da yankunan suka gada, matar aure ba ta da ikon ƙulla ciniki ko mallakar fili da sunanta ita kaɗai, kuma sunan gidan ubanta yana faɗuwa ranar aure. Inda aka fi samun ta shi ne lokacin da miji zai sayar da fili, domin tana da haƙƙin cin moriyar sulusin ƙasarsa in ya riga ta mutuwa, don haka sai an keɓe ta an tambaye ta ko ta yafe wannan haƙƙi da yardarta, a rubuta sunanta na yanka. Sunan mahaifinta kuma sai a neme shi a wasiyyar maƙwabta, inda uba ke ambaton 'yarsa da sunan mijinta.

A gidan Boone akwai abin da ke sauƙaƙa aikin, wato yadda suke aure cikin gidajen da suke ƙaura tare. Da gidan Bryan kaɗai, Daniel ya auri Rebecca, ƙanensa Edward ya auri 'yar'uwarta Martha, ƙanwarsa Mary kuma ta auri William Bryan. A tsatso na gaba Jesse da Nathan duk sun auro daga gidan Van Bibber. In mace ta ɓace wa mai bincike, ya fara duba waɗannan gidaje kafin ya tafi nesa. Sunan tsakiya ma yakan tona asiri, kamar yadda Daniel Morgan ke ɗauke da sunan gidan kakarsa, Jesse Bryan kuma na gidan mahaifiyarsa.

12. Labarin baka da muka gada fa, yaya za a auna shi?

Ba a watsar da shi, ba a kuma karɓarsa ido rufe. Ana duba shi ne yadda malamai ke duba isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya riski abin ko bai riska ba, kuma me zai amfana da shi. Mafi girman taskar irin waɗannan labarai ita ce ta Lyman Draper, wanda ya shafe shekaru yana zagaya tsofaffin bakin iyaka yana rubuta abin da suka tuna, har ya zauna da Nathan Boone da matarsa Olive a 1851. Kundayensa, kusan 500, suna hannun ƙungiyar tarihi ta jihar Wisconsin a Madison. Abin da Nathan ya faɗa kan rayuwar Misuri shaidar ganau ce, abin da ya faɗa kan shekarun Pensilvaniya kuwa jiyau ne, kuma bai kamata a ba su nauyi ɗaya ba. Game da tsatson Ingila, madogarar ita ce salsalar da wani ɗan gidan, James Boone, ya rubuta da hannunsa a 1788, wadda Hazel Spraker ta yi amfani da ita a babban littafinta na nasabar gidan a 1922. Littafin yana da amfani, amma an gano kurakurai a cikinsa, kuma ba ya maye gurbin takardar asali.

Labarai biyu ne suka fi yawo. Na farko shi ne cewa gidan ya fito daga zuriyar de Bohun, manyan fadawan Ingila masu asali da Normandi, alhali babu takardar da ta haɗa masaƙan Devon da su, kamannin suna ne kawai. Na biyu shi ne raɗe-raɗin cewa ba Daniel ne mahaifin Jemima ba, wai ɗan'uwansa ne. An rubuta wannan zance ne shekaru da yawa bayan mutuwar waɗanda abin ya shafa, masu ba da shi sun saɓa wa juna kan wane ɗan'uwa da wace 'ya, kuma Daniel bai taɓa bambanta Jemima da sauran 'ya'yansa ba. Shi ne ma ya bi sawu ya ƙwato ta tare da 'yan matan Callaway biyu bayan an sace su a Yuli 1776.

13. Gaskiya ne suna da dangantaka da Shugaba Abraham Lincoln?

Akwai dangantaka, amma ta aure ce, ba ta jini ba. Gidajen biyu maƙwabta ne a Pensilvaniya. A 1760 Ann Boone, 'yar baffan Daniel, ta auri wani Abraham Lincoln, wanda ƙane ne ta wajen uba ga John Lincoln, kakan mahaifin shugaban. Wannan ba shi ne Abraham Lincoln kakan shugaban da aka kashe a Kentaki a 1786 ba, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne irin kuskuren da aka yi gargaɗi a kansa a amsa ta 8.

14. Bayi da 'yan asalin ƙasar, ina matsayinsu a wannan salsala?

Ƙasar da ake cewa gidan Boone sun buɗe ba kango ba ce. Kentaki wurin farautar ƙabilun 'yan asalin ƙasar ne, Shawani da Cheroki, kuma sanarwar Sarkin Ingila ta 1763 ta hana Turawa zama a yammacin duwatsun Apalachiya. Cinikin ƙasar Kentaki da Richard Henderson, wanda Daniel ke yi wa aiki, ya ƙulla da wasu shugabannin Cheroki a Sycamore Shoals a Maris 1775 bai sami amincewar dukkan Cheroki ba, balle Shawani da ba a tuntuɓa ba, kuma Bajiniya ma ta soke shi. A Fabrairu 1778 Shawani suka kama Daniel, shugabansu Blackfish ya ɗauke shi ɗa, aka sa masa suna Sheltowee, ya zauna da su har ya gudu a watan Yuni. Wannan ɗaukar ɗa gaskiya ce, amma iƙirarin da wasu ke yi cewa su zuriyar wata matarsa ce Bashawaniya ba shi da takardar da ta goyi bayansa.

Gidan sun mallaki bayi. Daniel yana da bakwai a 1787, kuma abokin farautarsa a tsufansa a Misuri bawa ne mai suna Derry Coburn. Baƙaƙen fata suna nan tun tafiyar farko: wani bawa mai suna Adam, na gidan Russell da aka yi tafiyar tare da su, ya ɓuya ya ga kisan James a 1773, kuma lokacin da aka yi wa Boonesborough ƙawanya a 1778 tafintan Shawani baƙar fata ne mai suna Pompey. Ga Baƙar fatar Amurka da ke neman kakanninsa a wannan gida, hanyar ta fi tsauri, domin jerin bayi na ƙidayar 1850 da 1860 shekaru da jinsi da launi kawai ya rubuta a ƙarƙashin sunan ubangida, sai a 1870 aka fara rubuta 'yantattu da sunayensu. Kafin nan sai a bi wasiyyoyi da lissafin gado, inda ake jera mutum da sunan yanka da farashinsa a shafi ɗaya da dawaki da tukwane. Salsalar da ta tsallake waɗannan shafuka ba ta cika ba.

15. Ina zuriyar Daniel ta ƙare, kuma ina kabarinsa?

Daniel Morgan da Nathan sun dafa gishiri a wurin da ake kira Boone's Lick a tsakiyar Misuri. Daniel Morgan ya rasu a 1839 kusa da inda birnin Kansas yake yanzu. Nathan ya yi aikin sojan doki, shi da Olive sun haifi 'ya'ya 14, ya rasu a 1856 a Ash Grove. Daga 'ya'yan Jesse, Alphonso ya kai iyalinsa Oregon a 1846, Albert Gallatin kuma ya yi fatauci har Kolorado, inda wani ƙaramin gari ke amsa sunan gidan.

Rebecca ta rasu a 1813, Daniel kuma ranar 26 ga Satumba 1820 a gidan Nathan, aka binne su kusa da Marthasville. A 1845 mutanen Kentaki suka tono ƙasusuwan suka kai Frankfort, kuma har yau wasu 'yan Misuri na cewa kabarin wani aka tona bisa kuskure. Wurare biyun duk suna da dutsen tunawa.

16. Gwajin DNA zai iya tabbatar mini da nasabata?

Zai taimaka, amma ba zai yanke hukunci shi kaɗai ba. Gwajin da ke bin layin uba, wanda maza kaɗai ke iya yi, zai nuna ko mutum ya haɗa kaka da zuriyar George na Uku, don haka yana da ƙarfi wajen fitar da waɗanda aka ambata a amsa ta 7, masu sunan amma ba 'yan gidan ba. Sai dai Daniel da 'yan'uwansa maza da baffanninsa duk alama ɗaya suka gada, saboda haka dacewar sakamako tana kai mutum gidan ne, ba ɗakin Daniel ba.

Gwajin gama-gari da kamfanoni suka fi tallatawa yana raunana da nisan tsatso. Tsakanin mai rai a yau da mutumin da aka haifa a 1734 akwai tsatso bakwai zuwa tara, kuma mai yiwuwa ne jika na haƙiƙa bai gaji wani yanki da za a iya ganewa daga gare shi ba. Auratayyar da aka bayyana a amsa ta 11 tana ƙara dagula lissafin, domin abin da mutum biyu suka haɗa na iya zama na Bryan ko Van Bibber alhali suna zaton na Boone ne. Ƙungiyoyin zuriyar mayaƙan neman 'yanci ma takarda suke buƙata a kan kowane tsatso, tun daga mai nema har zuwa kakan da yake iƙirari. Don haka a fara da takardar haihuwar kai, a koma ta iyaye, a bi ƙidayar jama'a baya-baya har zuwa 1850, daga nan kuma a shiga wasiyyoyi da takardun fili na gundumar da amsa ta 9 ta nuna.